Daga Daura zuwa Oloibiri: Ƙasar da Ake Zuƙe Mata Mai

Sana'ata haƙar rijiya ce, kuma gadonta na yi. Mahaifina ya yi ta da diga da shebur da guga a ƙauyukan Daura da Sandamu da Zango, ni kuwa zamani ya kai ni ga injin burtsatse, wanda na fi shekara ashirin ina bin sa gari-gari. Saboda haka ne ƙanena, wanda ke sayar da wake da albasa a kasuwar Swali da ke Yenagoa, babban birnin Jihar Bayelsa, ya kira ni a waya a ƙarshen shekarar 2023, ya ce jama'ar masallacin unguwarsu suna neman in je in duba musu rijiyarsu. Ya ce ruwan yakan fito garau, amma kafin a idar da salla ya koma ja kamar an jiƙa kanwa, sannan daɓen simintin da ke bakin rijiyar ya tsage. Maganar da ta hana ni barci ita ce ta ƙarshe, da ya ce, "Yaya, wallahi bututun rijiyar nan ƙara tsawo yake yi." Na san bututu ba ya girma. Idan an ga ya ɗago sama da inda aka bar shi, to ƙasar da ke kewaye da shi ce ta sauka. Da na faɗa wa mahaifina, wanda yanzu tsufa ya zaunar da shi, sai ya ce in je in gani da idona, in kuma tona ƙasar wurin da hannuna kafin in yarda da maganar kowa.

Na bar Daura bayan sallar asuba a tsakiyar watan Janairun 2024, hazo ya rufe gari har ba a hango fitilar motar da ke gaba sosai. Na biya naira 3,500 zuwa Kano ta hanyar Kazaure, daga nan na shiga doguwar bas mai zuwa Warri a kan naira 28,000, aka kuma caje ni naira 2,000 kuɗin jakar kayan aikina. Ba mu tashi ba sai bayan la'asar. Zariya da Kaduna da Abuja duk cikin dare muka wuce su, direbobi suna jiran juna a yi ayari saboda halin da hanyar take ciki, kuma a tsakanin Kaduna da Abuja babu wanda ya runtsa a motar, kowa bakinsa na motsi da addu'a.

Gari ya waye mana a kan gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, kafin a shiga Lokoja, inda na fara ganin kogin Kwara da faɗinsa. A jikin gine-ginen bakin hanya akwai wani layi mai duhu wanda a wasu wuraren ya wuce tsayin taga, shi ne shaidar ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya shanye titin a yankin Koton Karfe, tankokin mai suka yi kwanaki a tsaye, har Abuja ta shiga ƙarancin fetur. Muka yi salla, muka karya da shayi da burodi a wurin wani Bakatsine da ke da tebur a bakin tasha. Daga Okene zuwa Auchi ƙasa ta fara canja launi, ta koma ja wur, kuma a Auchi na ga kwazazzabon da ruwan sama ya yanka a cikin gari, wanda zurfinsa ya sa na raina duk kwazazzaban da na sani a ƙasar Katsina. Hanyar Ekpoma zuwa Benin ta ci mana sa'o'i saboda ramuka da manyan motocin da suka maƙale, sai da aka yi magariba muka shiga Warri. Na kwana a unguwar Hausawa, a wani ɗaki na naira 6,000 mai fanka da gidan sauro, na ci teba da miyar kwakwar manja da kifi. Abin da ya fi damuna a daren shi ne zafi mai ɗanko, domin jiya-jiya na baro Daura ana hura wuta a tsakar gida saboda sanyi, ga shi yau ina kwance gumi na tsattsafo mini. Da na fito shan iska, sai na ga gefe guda na sararin sama ya yi ja yana motsi. Mai gadin gidan ya ce iskar gas ce ake ƙonawa a inda ake tara ɗanyen mai, kuma su sun saba da ita kamar yadda muka saba da farin wata.

Washegari na shiga ƙaramar mota daga Effurun zuwa Yenagoa a kan naira 5,000. A wani shinge bayan Ughelli jami'an tsaro suka sa aka sauke jakata, suka zazzage ta a gefen titi, suka ga babbar sifanar kama bututu da igiyar awon zurfi da kwalabe uku da na tanada don ɗibar ruwa. Nan take fuskokinsu suka canja. A Daura duk wanda ya ga waɗannan kayan ya san mai rijiya ne, amma a can mutumin da ke yawo da sifanar bututu ana yi masa kallon mai fasa bututun mai. Na shafe fiye da awa guda ina bayani, na nuna hotunan aikina a waya da katin ƙungiyarmu ta masu haƙar burtsatse, kafin babbansu ya ce a sake ni. Sauran fasinjojin sun yi haƙuri sun jira ni, wata dattijuwa a cikinsu ma ita ce ta riƙa sa baki da turancin broka har aka daidaita, kuma ban manta da alherinta ba.

Titin da ake kira na Gabas zuwa Yamma an ɗora shi ne a kan cikon yashi, dama da hagu kuwa fadama ce da daji mai duhu da ruwa kwance a ƙarƙashin itatuwa, ga shi kuma tsakiyar rani ne. Bayan gadar Patani na riƙa ganin wuraren da aka yi wa titin faci da duwatsu, inda ambaliyar 2022 ta yanke shi, ta raba Bayelsa da sauran ƙasa na makonni. Tun daga nan na lura cewa ban ga dutse ko ɗaya da ya fito daga ƙasa da kansa ba. Duk tsakuwar da ake gini da ita a yankin daga nesa ake kawo ta a tirela.

Ƙanena ya tarbe ni a tasha, muka wuce masallacin kai tsaye. Rijiyar tana bayan wurin alwala, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne: daɓen ya rabu gida uku, ya karkata, bututun kuwa ya ɗago sama da shi da kusan kamu ɗaya, har ana ganin zoben tsohon siminti manne a jikinsa a inda daɓen yake a da. Na nemi shebur na tona a gefe, kamar yadda mahaifina ya umarce ni. Farin yashin ciko ne a sama, zurfin gwiwa zuwa cinya, a ƙarƙashinsa sai wata baƙar laka mai laushi kamar kwaɓaɓɓen ƙulli, cike da ruɓaɓɓun saiwoyi da ganye, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da na matsa ta a tafin hannuna sai ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsuna, abin da ya rage bai kai rabin abin da na ɗebo ba. Kafin in ajiye shebur ruwa ya fara taruwa a ramin. A ƙasarmu mukan yi mita talatin ko fiye muna neman ruwa, a kudancin Katsina kuma sau da yawa dutse ne ke tare mu tun ba a je ko'ina ba, sai an sa hamar inji ta fasa shi. A Yenagoa ruwa ne ke neman mutum. Maganar jan ruwan ba ta ba ni wahala ba, domin sinadarin ƙarfe ne ya yi masa yawa, wanda ke yin tsatsa da zarar ya sha iska, kuma maganinsa a watsa ruwan ta sama ya sha iska sosai, a bi da shi ta tankin tsakuwa da yashi da gawayi. Maganar saukar ƙasa ita ce ta tara jama'a a kaina, kuma kusan bakinsu ɗaya: man da ake zuƙewa ne ya bar rami a ƙarƙashin gari, wata rana kowa zai rufta.

Bayan sallar isha'i aka haɗa ni da wani injiniya ɗan Malumfashi da ke salla a masallacin, wanda ya shekara da yawa yana aikin auna ƙarfin matsi a rijiyoyin mai. Muka zauna a kan benci a ƙofar shagon ƙanena, aka kawo gasasshiyar agada da kifi da yaji, na faɗa masa abin da na tono. Ya ce, "Malam, kai da kanka ka riga ka gano amsar wannan rijiyar." Gindin bututun yana kafe ne a cikin yashi mai ƙarfi can ƙasa, laka mai laushin kuwa tana sama, kuma nauyin yashin ciko da ginin da aka ɗora mata ne ke matse ruwanta a hankali, shi ya sa daɓe ya sauka ya bar bututu a tsaye. Yawancin Yenagoa, wadda ta zama babban birni a 1996 da aka ƙirƙiro jihar, a kan irin wannan ciko aka gina ta, da yashin da ake zuƙowa daga kogi. Sai ya ƙara da maganar da ta sa na gyara zama. Ya ce saukar da haƙar mai ke jawowa tana farawa ne daga zurfin kilomita biyu ko uku ko fiye, don haka idan ta zo, da bututun da daɓen da masallacin da unguwar gaba ɗaya suke sauka tare, yawanci babu abin da zai tsage a gaban idonka balle ka nuna shi da yatsa. Ruwa ne kawai ke tona asirinta, ranar da ambaliya ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba, ko ta daɗe ba ta janye ba.

Na tambaye shi batun ramin da jama'a ke tsoro. Ya ce babu wani kogo ko tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa. Man yana zaune ne a cikin ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin da ya daskare ya zama dutse, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso, kuma wannan bai zame mini baƙo ba, domin haka ruwan rijiya yake a cikin yashi. Sai ya ɗauki ledar fiya wata da ba a fasa ba, ya ajiye ta a kan benci, ya ɗora mata ma'aunin ƙarfe na sikelin ƙanena. Ledar ta ɗauki nauyin ba ta lotsa ba. Ya karɓi allura ya huda ta a gefe, ruwa ya fara tsartuwa, ma'aunin ya riƙa sauka a hankali har ya kwanta a kan benci. Ya ce nauyin duk ƙasar da ke saman ma'ajiyar mai abu biyu ne ke ɗauke da shi, ƙwayoyin dutsen da kuma matsin mai da gas da ruwan da ke tsakaninsu. Idan aka zuƙe su matsin ya ragu, nauyin sai ya koma kan ƙwayoyin kaɗai, su matsu, su cushe da juna, shimfiɗun laka da ke kusa su ma su tsiyaye ruwansu su motse, kuma laka idan ta motse ba ta komawa yadda take. Yawan abin da zai iso sama ya danganta da laushin dutsen, da kaurinsa, da faɗin filin, da kusancinsa da doron ƙasa.

Daga nan ya shiga ba ni labarin wuraren da abin ya fito fili. A Long Beach da ke Kalifoniya ta Amurka, filin mai na Wilmington ya sa tsakiyar yankin ta sauka da kusan mita 9, tashar jiragen ruwa ta riƙa shan ruwan teku, bututai da layin dogo suka lanƙwashe, har sai da aka koma tura ruwa cikin rijiyoyin da yawa daga ƙarshen shekarun 1950 don a mayar da matsin da aka cire, sannan saukar ta tsaya. A gabashin tafkin Marakaibo na Benezuwela akwai garuruwan mai, irin su Lagunillas, da yanzu suke ƙasa da ruwan tafkin, ganuwar da aka gina ce kawai ke tsakaninsu da shi. A ɓangaren Norway na Tekun Arewa, filin Ekofisk ya sauka har sai da aka yanke ƙafafun dandamalan haƙar mai a 1987 aka ɗaga su sama da mita 6. A Groningen ta ƙasar Holan, inda aka gano gas a 1959, matsewar dutsen ta riƙa motsa tsofaffin tsagogin ƙarƙashin ƙasa, girgizar 2012 a ƙauyen Huizinge ta kai maki 3.6, dubban gidaje suka tsattsage cikin shekaru, har gwamnati ta dakatar da haƙar a watan Oktoban 2023, alhali gas ɗin bai ƙare ba. Da na ce ashe mayar da ruwa shi ne maganin, sai ya ce shi ma da sharaɗi, domin a jihar Oklahoma ta Amurka gurɓataccen ruwan da ke fitowa tare da mai, wanda aka riƙa turawa can ƙasa da yawa, shi ya jawo girgizar ƙasa a kai a kai, har da ta garin Pawnee mai maki 5.8 a 2016. Cirewa ba lissafi da zubawa ba lissafi duk suna motsa ƙasa.

Game da yankin Neja Delta kuwa, ya ce man yana cikin shimfiɗun yashi da laka da masana ke kira Agbada, a samansu akwai yashin Benin wanda daga cikinsa ake samun ruwan sha, kuma a filaye da yawa ruwan da ke ƙarƙashin man yakan biyo ya cike gurbin abin da aka zuƙe, wanda hakan ke rage faɗuwar matsi. Amma ƙasar yankin duka laka ce da kogin Kwara ya tara, tana matsewa da kanta ko ba a taɓa ta ba, kuma a da ambaliyar kowace shekara ce ke ƙara mata sabuwar laka a sama ta rama abin da ya sauka. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka biyo da Jebba da Shiroro, wani kaso na wannan lakar yana kwanciya ne a bayan madatsun, ba ya isowa. Wannan ya taɓa ni, domin wutar lantarkin da muke jira a Daura tana da hannu a ciki ke nan. A kan wannan aka ƙara zuƙar mai da gas, da yankan hanyoyin ruwa don jiragen kamfanoni, da kwasar yashi, ga teku kuma na ƙara cika. Ƙasar da tsayinta a kan teku bai wuce 'yan mitoci ba, ko kamu ɗaya ta rasa, gonaki ne da gidaje suka tafi.

Ranar Asabar injiniyan ya ɗauke mu a motarsa zuwa ƙaramar hukumar Ogbia, muka bi ta Otuoke, garin tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan, muka isa Otuabagi, inda rijiyar da ake kira Oloibiri ta ɗaya take. A nan kamfanin Shell-BP ya samu man da ya isa sayarwa a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Na yi zaton zan ga wani gagarumin wuri, sai na tarar da kan rijiya na ƙarfe mai famfuna da ƙafafun murɗawa, tsayinsa bai fi na mutum da yawa ba, ga allo da ke nuna zurfinta ƙafa 12,008. Na tsaya ina lissafi a zuciyata: mita dubu uku da ɗari shida da 'yan kai ke nan, alhali rijiya mafi zurfi da na taɓa haƙawa ba ta kai mita ɗari biyu ba. Na dafa ƙarfen, ya yi zafi da rana, babu motsin komai a cikinsa, domin an daina ɗibar mai a filin tun shekaru masu yawa. A matsayina na mai rijiya na san cewa rijiyar da aka daina amfani da ita ba a barin ta haka nan, sai an toshe ta da siminti yadda abin da ke ƙasa ba zai biyo ta ya haɗu da ruwan sha ba, kuma injiniyan ya ce ƙa'idar rijiyar mai ma haka take, sai dai ta fi tsanani. Ya tuna mini da rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas, wanda ya samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Daga bakin ruwan garin Ogbia muka shiga kwale-kwale mai inji, naira 4,000 kowane mutum, zuwa wani ƙauyen masunta ta wajen Nembe, inda ƙanena ke da abokin ciniki mai kawo masa busasshen kifi. Ban taɓa shiga ruwa irin wannan ba, na riƙe gefen jirgin da hannu biyu ina karanta abin da ya sawwaƙa. Hanyoyin ruwan sun rarrabu kamar jijiyoyin ganye, gefensu itatuwan da ke tsayawa a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. A wasu wuraren itatuwan kore ne shar, a wasu kuwa sun bushe sun yi fari, gindinsu baƙi ƙirin, gaɓar da ke bayansu ta zube cikin ruwa. Matuƙin ya ce inda mai ya malala haka yake zama, kuma da zarar saiwoyin sun mutu babu abin da ke riƙe lakar, igiyar ruwa sai ta riƙa gutsurarta. A yankin Nembe ne wata rijiya ta fashe a watan Nuwamban 2021, ta fi wata guda tana feshin mai da gas kafin a shawo kanta.

Mahaifin abokin cinikin, dattijo ne da zai yi sa'ar mahaifina, ya karɓe mu da ruwan kwakwa, ɗansa yana fassara wa ƙanena, ƙanena yana fassara mini. Da ya ji sana'ata, sai ya kama hannuna ya kai ni bakin ruwa, lokacin ruwan ya janye. Ya nuna mini kututturan kwakwa guda huɗu da suka leƙo daga cikin taɓo, nisan taku talatin daga gaɓa, ya ce a gindinsu aka yi bikin aurensa, kuma a bayansu gidan mahaifinsa yake. Kusa da su akwai zoben simintin wata tsohuwar rijiya, ya karkata, ƙananan kaguwa suna shiga suna fita. Na sauka cikin taɓon har gwiwa na je na duba shi, na ga aikin hannun wani mai sana'a irin tawa ne, an zuba shi da kyau, bakinsa har da gurbin da igiya ta ci. Babu mai haƙa rijiyar sha a inda ruwan gishiri ke rufewa sau biyu a rana, don haka wannan zoben ya ishe ni shaida cewa wurin tudu ne a da. Na ce, "Baba, yaushe ruwan ya ci nan?" Ya ce ba rana ɗaya ba ce, kowace shekara yana ɗan matsowa, sun ja gidajensu baya sau biyu, kuma sun kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa wani wuri mai tudu. Ba shi da takarda ko awo da zai nuna wa wata hukuma. Kututturan nan da zoben rijiyar su ne duk hujjarsa. A hanyar dawowa injiniyan ya ce yanzu tauraron ɗan'adam yana iya auna saukar ƙasa har ta 'yan milimita a shekara, kuma abin da ya taimaki mutanen Long Beach da Groningen shi ne suna da awon tsayin ƙasarsu na shekara da shekaru, wanda ya sa gardama ta ƙare.

Na ƙara kwana huɗu na haɗa musu tankin tace ruwa, na fasa tsohon daɓen na zuba sabo wanda bai manne da bututun ba, yadda ko ƙasa ta ƙara sauka ba za ta ja shi ta karya ba. Dawowa ta Fatakwal na yi, kwana biyu a hanya, babu abin da ya faru sai gajiya.

Na iso Daura ranar Alhamis da yamma, sanyi ya tarbe ni tun daga Kazaure. Da daddare a majalisarmu ta ƙofar gida aka taru jin labari, kuma ba a jima ba hira ta koma kan Kolmani, filin man da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda ɗan garinmu, tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikinsa a watan Nuwamban 2022. Wani ya kawo maganar man Agadem na Nijar da matatar Damagaram da ke aiki tun 2011, wadda man ta ya daɗe yana shigowa ƙasarmu ta kan iyaka. Kowa yana fatan Arewa ta samu nata, ni ma ina fata, domin na ga abin da talauci ke yi mana. Abin da na faɗa musu shi ne, da ni ɗan Alkaleri ne ko Akko, inda filin Kolmani yake, abin da zan fara roƙon hakimai da 'yan majalisarmu shi ne a auna tsayin ƙasar kowane gari da zurfin ruwan kowace rijiya da ɗanɗanonsa tun yanzu, a rubuta, a ba masu unguwanni kwafi su ajiye, kafin ganga ta farko ta fita. Ƙasar can ba laka ba ce irin ta Bayelsa, kuma babu teku a kusa, amma rijiyoyin sha da gonakin fadama suna nan, kuma su ne dukiyar talaka.

Wani malamin makaranta a majalisar ya juyo da maganar kaina, ya ce ai birnin Jakarta na Indunusiya ba mai ne ke nutsar da shi ba, yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, har gwamnatinsu ta fara gina sabon babban birni, kuma mu masu burtsatse muna huda kowane gida a Daura da Katsina ba tare da wani ya ƙirga ba. Na amsa masa cewa gaskiya ya faɗa, domin akwai unguwannin da na haƙa rijiya shekara goma sha biyar da suka wuce, yanzu sai na ƙara bututu biyu ko uku kafin injin ya kamo ruwa.

Da safe na shiga wurin mahaifina na ba shi labarin baƙar lakar da zoben rijiyar da ke cikin ruwan gishiri. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko bakin zoben yana da gurbin igiya, na ce yana da shi, ya ce to an daɗe ana sha daga cikinta. Ranar Asabar muka koma aiki a wani ƙauye a hanyar Mai'aduwa. Da muka gama, na sa yarona ya kawo kurfi da guduma, na yi zane a jikin bututun daidai da saman daɓe, na zura igiyar awo na ga ruwa yana tsaye a mita 31, na rubuta kwanan wata da zurfin a sabon littafin da na saya a Kano, na kuma kwafe a wata takarda na miƙa wa mai garin.